Waƙar Tana Jami'a, Shago Yana Bakin Ƙofa

Akwai wani rashin adalci da muka daɗe muna yi a birnin Sakkwato, har ya zame mana jiki muka daina ganinsa. Mun ɗauko waƙar da marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago, mun karkaɗe mata ƙurar filin dambe, mun naɗa mata rawani, mun shigar da ita jami'a. Ɗaliban Hausa suna feɗe ta ɗa bayan ɗa, suna fito da turkenta da tubalanta, suna ƙirga kambamawa da siffantawar da ke cikinta, a ƙarshe a miƙa musu takardar digiri a ɗauki hoto. Duk wannan daidai ne, waƙar ta cancanci fiye da haka ma. Amma mutumin da damtsensa ya haifi waƙar, wanda ya tsaya cikin rana ya karɓi naushi ya mayar har makaɗi ya sami abin faɗa, shi mun bar shi a bakin ƙofa kamar yaron da ya rako baƙo. A nuna mini bango ɗaya a wannan birni da aka rubuta tarihinsa a jiki, ko ɗaki ɗaya da yaro zai shiga ya fito ya san ko wane ne shi. Mun shanye romon, mun ce naman ba na cin mutanen kirki ba ne. Ra'ayina ba shi da kwana: Shago ya cancanci a kafa sunansa a zauren tunawa da gwarzaye a Sakkwato, in kuwa babu irin wannan zaure, to saboda shi ya kamata a fara gina shi.

Abin da nake nema wasu ƙasashe sun daɗe da shi. Amurkawa suna da wani wasa da suke kira besbol, inda ake jefo wa mutum ƙwallo ya maka mata kulki ya ruga. A shekarar 1939 suka buɗe wani gida a ɗan ƙaramin garin Cooperstown, suka mai da shi zauren gwarzayen wasan. Babbar hanyar shiga ita ce ƙuri'ar marubuta labarin wasanni, kuma sai mutum ya sami kashi 75 cikin ɗari kafin a kafa allonsa a bango. Barry Bonds ya maka bugun da ke cinye fili gaba ɗaya har sau 762, babu wanda ya kai shi a tarihin babbar gasarsu, amma ya shekara goma a takardar zaɓe, ya fita a 2022 da kashi 66, saboda zargin ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Ko an yi wa Bonds adalci ko ba a yi ba, wannan rigimar Amurkawa ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce al'umma ta ɗauki mai buga ƙwallo da nauyin da za ta shekara goma tana gardama a kansa. Mu ko gardamar ba mu fara ba. Shiru muka yi, shirun kuwa ya fi ƙuri'ar ƙi muni, domin wanda aka ƙi an dai ambaci sunansa.

Ga wanda ya tashi a ɗakin karatu bai taɓa leƙa fili ba, dambe wasan kaka ne a asalinsa. In an kai amfanin gona gida, samari su ɗauki makaɗansu su bi gari-gari suna neman abokan karawa. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare har ya yi tauri, shi ne mashi; ɗayan a miƙe shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, domin kalmar da 'yan dambe suka zaɓa wa kayarwa ke nan, kisa, kuma duk wanda ya taɓa jin yadda fili ke ɗaukewa da ihu a wannan lokaci ya san ba su yi zaɓin banza ba. Ko dai ka faɗi ko ba ka faɗi ba, a gaban ɗaruruwan idanu. A irin wannan fage ne, a ƙasar Sakkwato ta dā, tun kafin a yanke Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, Shago ya yi suna, karawarsa da Ɗandunawa ta zama abin buga misali har a bakin waɗanda ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. Ka shiga kowane gidan dambe yau, a Kano ko Abuja ko Legas, ka saurari sunayen da mai shela ke kira, za ka ji Shagon wane da Shagon wane, wato yaran gidan wani gwani. Amma in aka faɗi kalmar ita kaɗai, ba a jingina ta ga kowa ba, kowa ya san mutum ɗaya ake nufi.

Masu ƙi sukan fara da lissafi. Su ce Bonds an san sau nawa ya buga, shi Shago fa? Dambe nawa ya yi, kisa nawa, sau nawa aka kai shi ƙasa? Tambayar tana da kyan gani, amma laifin da take tonawa namu ne, mu masu alƙalami. Ɗan dambe aikinsa ya yi kisa, ya kuwa yi. Rubutawa aikin wanda ya iya rubutu ne, shi kuwa a lokacin yana ganin filin dambe bai kai ya ɓata tawadarsa a kansa ba, yanzu kuma jikansa ya zo yana cewa a kawo masa takarda. Amurkawan ma sun taɓa faɗawa wannan rami. An shafe shekaru masu yawa, har zuwa 1947, ba a barin baƙar fata ya buga a manyan ƙungiyoyin besbol, sai suka kafa nasu gasannin, waɗanda ba a adana sakamakonsu yadda ya kamata ba. A cikinsu aka yi Josh Gibson, mai ƙarfin bugun da ya zama abin labari. Ya rasu a farkon 1947, watanni kaɗan kafin a buɗe ƙofar da aka rufe masa. Da aka zo maganar zaure, ba a ce lissafinsa bai cika ba a watsar da shi. A 1972 aka shigar da shi bisa shaidar waɗanda suka gani da ɗan abin da ya samu a rubuce. Daga baya masu bincike suka bi tsofaffin jaridu shafi-shafi suna tsinto alƙaluma, har a 2024 aka haɗa lissafin waɗancan gasanni da na sauran, Gibson ya hau kan kowa a ma'aunin dacen bugu. Girmamawa suka fara yi, lissafi ya biyo baya.

Balle mu, da ya kamata mu fi kowa sanin darajar riwaya. Ilimin birnin nan an gina shi ne a kan wane ya ji daga wane, kuma malamanmu sun san yadda ake tace labari, a duba mai ba da shi, a gwama shi da na wani, a riƙe wanda ya inganta. Tarihin sarakunan Gobir da Zamfara da Kabi kafin jihadi, kaso mai yawa nasa daga bakin tsofaffi da makaɗan fada aka ɗauko shi, ba wanda ya ce a ƙone shi don babu rasit. Waɗanda suka ga damben wancan zamani da idonsu tsiraru ne yanzu, kuma kowace damina tana tafiya da wasunsu. Duk shekarar da muka ƙara muna jiran takarda, shaidu ne ke raguwa, har ranar da hujjar masu ƙi za ta zama gaskiya. Su ne za su jawo rashin sanin, su kuma kafa hujja da shi.

Hujjar da ta fi wannan wayo ita ce ta abokaina ɗaliban adabi, ita ce kuma ta fi ba ni haushi don daga gida ta fito. Su ce ai Shagon da muka sani ƙirar Ɗan Anace ne. Da ba don kalangu da zalaƙar makaɗin ba, da ya bi sahun ɗaruruwan 'yan damben da suka yi zamaninsu suka shuɗe. Wai makaɗi ne ya ɗauki mutum mai tsoka ya mai da shi dodo, don haka in za a karrama wani, makaɗin za a karrama. Har sukan kawo misalin Narambaɗa, wanda ya yi wa doki Ɗanfilinge waƙa dokin ya shiga tarihi, su tambaye ni cikin dariya ko shi ma za a gina masa zaure.

Na yarda makaɗi yana kambamawa, sana'arsa ke nan. Amma a duba inda kowane makaɗi ke tsayawa. Makaɗin fada yana waƙa a gaban ubangidansa, cikin fadawa da dogarai, inda babu mai ɗaga murya ya ce ba haka ba ne. In ya ce sarki ya fi kowa jarunta, ba za a fito da wani sarkin tsakar fada a gwada ba. Yabonsa ba shi da ranar jarrabawa. Makaɗin dambe kuwa a bakin fili yake yabo, abokin karawar gwaninsa yana tsaye taku goma daga gare shi ya naɗe hannu, da nasa makaɗin da nasa magoya baya. Duk kalmar da ta fita daga bakinsa bashi ce, kuma kafin rana ta faɗi za a biya ko a kasa. Naushi ɗaya ya isa ya mai da waƙar da aka shekara ana ginawa abin dariya a kasuwa. Kaɗan ne cikin nau'o'in waƙar yabo na Hausa ake tantance gaskiyarsu nan take a gaban jama'a kamar wannan, kuma abin takaici ne a ce masu nazarin waƙar baka ne ke mance haka. Ɗan Anace ba wawa ba ne da zai jingina sunansa da abincinsa ga mutumin da ake kayarwa kowace kasuwa. Da waƙar ta yi ƙarya, da mutanen da suka san filin, mahauta da manoma da 'yan koli waɗanda ba sa jin kunyar kowa, sun kashe ta tun tana jaririya. Rayuwar da ta yi a bakinsu ita ce takardar shaidar da ake nema.

Sannan in aka bi wannan hujja har ƙarshenta, fadoji da yawa za su girgiza. Sarakuna da hakimai nawa ne talaka ya san sunansu yau don kawai Narambaɗa ko Jankiɗi ko Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ya ambace su? Ban taɓa jin ɗalibi ya miƙe a aji ya ce a sauke hoton wani basarake don makaɗi ne ya yi shi ba. Ga mai rawani waƙa shaida ce, ga mai naɗin hannu sai ta koma tuhuma. Batun Ɗanfilinge kuwa ba ni da ja, in an gina zauren a ajiye masa lungu. Sai dai doki bai zaɓi ya yi sukuwa ba, Shago kuwa da ƙafarsa ya shiga fili alhali ya san ana fita da wasu a kan kafaɗa.

Sai batun laya, wanda ya fi kama da abin da ya tare Bonds. Ana cewa 'yan damben dā ba da ƙarfinsu suke kisa ba, da guru da kambu da jiƙe-jiƙen saiwoyi ne, don haka nasararsu gurɓatacciya ce. Abin da ake tuhumar Bonds da shi a ɓoye aka ce ya yi, ya sami fifiko a kan wanda ya kiyaye doka, kuma likitoci sun tabbatar irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara tsoka. Layar ɗan dambe a fili take, a damtse da ƙugu, kuma wanda ke fuskantarsa yana ɗauke da tasa, wataƙila ma daga hannu ɗaya suka karɓo. Da laya ke kisa da kowane ƙauye ya yi Shagonsa, domin ba a taɓa ƙarancin masu ɗinka ta ba. Abin mamaki ma, masu wannan hujja galibi su ne ke mana wa'azin cewa laya ba ta amfanar da kowa. To a zaɓi ɗaya. In ba ta yi, damtsensa ne ya yi aikin, a ba shi haƙƙinsa. In kuwa an ce ita ta yi, mai faɗin haka ya fi ɗan damben imani da ita.

Akwai maganar da ba zan yi wasa da ita ba. Sakkwato birnin Shehu ne, kuma duk abin da za a kafa a cikinsa sai an tambayi matsayinsa a addini. Hadisi ya inganta a kan hana dukan fuska, malamai da yawa na wannan zamani kuma sun haramta dambe saboda haka da cutarwar da ke cikinsa. Ni ba mufti ba ne, ban zo in warware fatawar kowa ba, kuma uban da ya hana ɗansa kusantar fili ba ni da abin ce masa sai madalla. Amma adanawa daban, halattawa daban, gidan tarihi kuma ba ya yanke wa kowa hukunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rubuta Infaƙul Maisuri, har wasiƙun Shehu Laminu na Barno masu sukar jihadin ya saka a ciki, sannan ya ba su amsa. Bai ji tsoron a ce adana maganar abokin hamayya yarda da ita ne ba. Mai irin wannan ƙarfin zuciya ne ya gina birnin, yau kuma ake so a gaya mana cewa sunan ɗan dambe a jikin bango zai rushe shi.

Kuma tun yaushe ne ma muka fara ƙyamar? Kangon Surame yana nan cikin jihar Sakkwato, yana cikin wuraren tarihi na ƙasa, muna alfahari da ganuwar dutsen da Kanta ya gina a ƙarni na 16. Riwayar Kabawa kuwa ta ce tun kafin Kanta ya zama sarki, a fagen dambe da kokawa ya fara yin suna. Ashe ɗan dambe yana shiga littafin tarihi, muddin ya ƙare da rawani a kansa. Haka bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016: dambe da kokawa suna cikin abin da ake nuna wa baƙi a wurin. In baƙo ya zo, sai mu kira ɗan dambe ya tuɓe riga ya nuna al'adunmu. Baƙo na juya baya, mu ce masa ɗan tasha.

A nan gizo ke saƙa. Gaskiyar da ake ta kewaye-kewaye a kanta ita ce dambe wasan mahauta ne tun asali, kiɗansa kalangu, Bahaushe kuwa ya daɗe da ajiye mahauci da makaɗi a ƙasan tsaninsa. Yana cin naman, yana rausayawa da kiɗan, amma in an zo neman aure sai ya tuna asali. Makaɗi ya samu ya tsallake, jami'o'i sun karɓe shi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Ɗan dambe ne ya rage a waje. Alhali wannan birni ya ci arzikin wuƙar mahauci fiye da yadda yake son tunawa. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, mahauci ne ya feɗe ta, majemi ya jeme ta, baduku ya ɗinka. Baƙo ma ya riga mu ganin abin da muka raina. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton, kafin ya ƙaraso Sakkwato wurin Muhammadu Bello, ya tsaya a Kano, ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa kuɗi aka kira su suka yi a gabansa, ya rubuta yadda suka zo da makaɗa da tawagar mahauta da yadda suke naɗe hannu. Clapperton ya sake dawowa ya rasu a nan a 1827, kuma an daɗe ana kiran wani titi a birnin nan da sunansa. Ɗan kallo ya sami titi. Ina na waɗanda aka zo kallo?

Ba sai mun haye teku ba kafin mu ga inda aka yi abin da nake faɗa. Ka bi hanyar Illela ka tsallaka Ƙonni. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa, Nijar take shirya kokawar ƙasa, jihohi su fito da gwanayensu, wanda ya kayar da kowa yau takobi ake miƙa masa. Wanda ya ci gasar farko, Yakuba Ango Kantu, filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaro ɗan shekara goma a Maraɗi ba ya bukatar digiri kafin ya san Kantu, alhali Musulmi ne kamarmu, malaman garinsu kuma littattafan da namu suka karanta su suka karanta. Za a ce kokawa daban take, babu dukan fuska a cikinta. Na ji. Amma layu da kiɗa da kirari duk suna nan a filin kokawar Nijar, a gaban gwamnoni da kyamarar talabijin, ba su hana a ga gwani a yaba masa ba. Kuma ko kokawar ce, wane ɗan kokawa ne mu muka tuna da shi haka? Babban filin wasanmu sunan Giginya yake ɗauke da shi, don tunawa da waɗanda suka tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903, kuma ba na so a taɓa wannan suna ko da wasa. Ɗaki ɗaya nake nema.

Ban ce filin dambe aljanna ne ba. Ana zubar da haƙora, ana rasa ido, akwai waɗanda aka ɗauka daga fili ba su sake tashi ba, kuma a gefen wasu gidajen damben yau akwai caca da ƙwaya da duk tarkacen da ke bin taron samari. Na ga tsofaffin 'yan dambe da hannu ke rawa, harshe ya yi nauyi, suna zagaya fili ana jefa musu abin da ya samu bayan sun shekara da shekaru suna cika aljihun wasu. Zauren da nake nufi dole ya faɗi wannan duka, in kuwa ya zama gidan yabo zalla to mun koma makaɗan fada. Amma wulaƙancin da tsohon ɗan dambe ke ƙarewa a ciki ɗan'uwan shirun nan ne. Sana'ar da aka ɗauka ba ta da tarihi ba a damuwa a tsara mata doka, ko a tanadar wa tsofaffinta wani abu. Ranar da aka yarda Shago ya cancanci bango, ranar za a fara jin nauyin barin magadansa su ƙare a kan tabarmar aro.

Tsoro ɗaya nake da shi, daga ɓangarenmu masu so kuma yake. Mun san halinmu da lambar yabo. In aka buɗe zauren aka damƙa mabuɗinsa a hannun 'yan siyasa, kafin shekara uku zai cika da hotunan shugabannin kwamiti da masu ba da gudummawa, a nemi inda za a rataye Shago a rasa. Abin koyi a Cooperstown shi ne ƙuncin ƙofar. Kada a shigar da kowa sai wanda ya daɗe da kwance hannu, ya riƙe fili shekaru, ya kara da manyan zamaninsa bai zaɓi ragwaye ba, har abokan hamayyarsa da kansu suka shaida masa. Masu zaɓe su zama tsofaffin 'yan dambe na Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, da makaɗa, da masana daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a bar masu riƙe da muƙami su zo ranar buɗewa su yanke ƙyalle su tafi. Da wannan ma'auni mutum kaɗan ne za su wuce, Shago ne kuma zai fara. Ɗandunawa ya biyo shi, a kafa su suna fuskantar juna, domin gwani ba ya tabbata sai da wanda ya tsaya masa, Ɗan Anace kuma a tsakaninsu da kalangunsa.

Wurin ma akwai shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu an kafa ta ne don adana abin da ƙasar nan ta gada, kuma ɗaki guda a irin wannan gida ya isa a fara. Aikin farko bai ma kai ga bulo da siminti ba. A tura ɗaliban da ke yawon neman batun kundin digiri, da na'urar ɗaukar magana, su zauna da tsofaffi su tambayi a wane gari aka kara, a wace kaka, wa ya faɗi a turmi na nawa, a gwama bakin wannan da na wancan. A nemo faya-fayen Ɗan Anace daga gidajen rediyo da hannun tsofaffin masu sayar da kaset kafin zafi da ƙura su cinye su, a juye su cikin kwamfuta. A roƙi iyalan 'yan dambe zaren hannu ko tsohon hoton da ya rage a ƙasan adaka. Yanzu haka mutane a Ingila da Amurka suna kallon dambe a YouTube, kamfanoni sun gano akwai kuɗi a ciki suna shirya gasa suna sayar wa duniya. Ba da daɗewa ba wani zai zo daga nesa da kyamara, kamar yadda Clapperton ya zo da alƙalami, ya tambayi wane ne babban gwanin wannan wasa, a ina kuma zai ga tarihinsa. Abin da ke hannunmu a yau shi ne mu kunna masa waƙa, mu ɗauko masa kundin da aka rubuta a kan salon waƙar, in ya ce mutumin fa, mu dubi juna.